Asalin Mahaɗin Intanet Mai Bin Sawun Abokin Ciniki

Tun kafin zuwan intanet, 'yan kasuwar Amurka sukan sanya lamba ta daban a takardar odar da suke bugawa a kowace jarida, domin su gane tallar da ta jawo mai saye, dabarar da wani marubuci mai suna Claude Hopkins ya bayyana a littafinsa na 1923. Mahaɗi mai bin sawu, wato adireshin intanet mai ɗauke da alamomin da ke nuna inda mai dannawa ya fito, magajin wannan dabara ne. Wani nau'in waɗannan alamomi da ake kira UTM ya samo asali daga kamfanin Urchin, wanda Google ya saya a 2005, kuma a yau dannawa ɗaya kan sa manhaja ta aika saƙon bibiya da kanta, sau da yawa ba da sanin mai sayen ba, abin da ya cancanci damuwa.