Yadda Morecambe ta yi kasuwa da lilo da sarauniyar kyau

Morecambe ƙaramin gari ne a bakin teku, a arewa maso yammacin Ingila, kuma abincinsa yana hannun baƙi. A da, ma'aikatan masaƙun Bradford sukan cika jiragen ƙasa su zo duk makon da aka rufe masana'anta, har aka riƙa yi wa garin laƙabi da Bradford ta bakin ruwa. A 1938 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta buɗe wa ma'aikata hanyar samun hutu da albashi, amma kafin a ci moriyarta yaƙi ya ɓarke. Sai bayan 1945 talaka ya samu hutun da ɗan kuɗin kashewa.

Garin kuwa ya riga ya shirya. Tun 1936 aka gina katafaren wurin ninƙaya, Super Swimming Stadium. A filin wasan da ke unguwar West End kuma an kafa Cyclone a 1939, wani jirgin lilo mai hawa tudu ya gangaro a guje kan dogon katako, wanda aka kwaso daga baje-kolin Paris na 1937.

Lilo kaɗai ba ya sa jarida ta buga sunan gari. Shi ya sa a 1945 hukumar garin ta haɗa kai da jaridar Sunday Dispatch, suka shirya gasar kyau a bakin wurin ninƙayar. Lydia Reid ce ta fara lashewa, ana tafka ruwan sama, jama'a ba su watse ba. A 1956 gasar ta koma Miss Great Britain. Abin da ke taɓa min rai shi ne, yawancin 'yan matan nan su ma 'ya'yan talakawa ne, masu aikin ofis da kanti. An jera su cikin kayan wanka, kowace riƙe da lamba, don otal-otal su cika. Wasu sun samu kuɗin da albashin shekara bai kai ba, gaskiya ne, amma riba mai tsoka ta garin ce.

Jirgin sama ne ya karya kasuwar. Da tafiya Sifaniya ta yi araha, Bature ya zaɓi rana a kan sanyin tekun gida. Aka rushe wurin ninƙayar a 1976, gasar ta bar Morecambe bayan 1989, filin lilon da aka sake wa suna Frontierland kuma aka rufe shi a ƙarshen 1999.