Daga Almakashi Zuwa Pandoc

Na shiga sana'ar buga takardu a Gusau jim kaɗan bayan an ƙirƙiro jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoban 1996. Sabbin ma'aikatu sun buɗe, kowace tana son jerin ma'aikatanta, suna a gefe, fasfo a gefe. Maigidana ya buga sunaye da tafireta, ya ja layukan jadawali da rula da biro, ni kuma in zauna da almakashi ina rage hoto har ya shiga gidansa, in shafa gam in manna. In hoto ya fi gida girma, "Datse kafaɗa, bar fuska," abin da yakan ce ke nan.

Da kwamfuta ta wadata sai muka koma PageMaker da CorelDraw da Word. Ciwon kanmu a lokacin haruffa masu lanƙwasa ne. Mukan yi amfani da salon rubutun Rabi'at na Farfesa Abdalla Uba Adamu, amma da zarar an kai aikin wata kwamfutar da ba ta da shi, ƙ da ɗ da ɓ sai su rikiɗe. Unicode ya raba wannan gardama. Ta hoto a jadawali kuwa tana nan.

Markdown ya iso shagona ne ta hannun matasan malamai, bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013. John Gruber ya fito da shi a 2004: rubutu zalla, ba ado. Daga baya aka ƙara masa jadawali, sandar tsaye ta raba gida da gida. Sai a miƙa wa Pandoc, manhajar da John MacFarlane, malamin falsafa a Amurka, ya fara saki a 2006, ta mayar da shi Word ko PDF. Na so shi tun ranar farko, don tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa ba nishi. Sai dai akwai abin da na daɗe ban gane ba: hoton ba ya cikin takardar, adireshinsa kawai aka rubuta.

Aikin da ya koya mini hankali na wata makaranta ce daga Bungudu, jerin ɗalibai da hotunan da aka ɗauka da waya. Na juya shi, sai ga fuskar yarinya ɗaya ta ɓalle daga gidanta ta danne sunayen 'yan ajinsu. Na kwana biyu ina zargin manhajar, ashe lissafi ne. Idan hoto bai zo da ma'auninsa ba, Pandoc na ɗaukar ɗigo 96 a matsayin inci guda, hoton waya mai faɗin ɗigo 4000 ya haura inci 40 ke nan. Tun daga 2016 ana iya rubuta faɗin da ake so a bayan adireshin hoto, a ce santimita biyu da rabi. Almakashin maigidana ne ya dawo da wata kama.

Na gyara wannan, sai gidan suna ya matse, "Abdurrahman" ya karye gida uku. Dalilin ya fi ɓuya. Muddin layi ɗaya na jadawalin ya wuce haruffa 72, kuma dogon adireshin hoto kaɗai ya isa ya jawo haka, Pandoc na raba faɗin gidaje ne gwargwadon yawan karan da aka jera ƙarƙashin kanun jadawali. Na ƙara wa gidan suna kara, na rage na hoto, komai ya zauna. Wasu hotunan kuma a kwance suka fito a PDF, domin waya takan ajiye hoto a karkace ta maƙala masa umarnin juyawa, injin da ke tsara PDF ɗin kuwa ba ya karanta umarnin. Dole a buɗe kowanne a miƙar da shi a sake ajiyewa. Yaran shago sun tsani wannan aiki, amma ba na ɗaga ƙafa a kai. Uba zai karɓi takardar nan ya nemi fuskar 'yarsa.

A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar, mutane na tafiya har Funtuwa don su buga waya. Cikin waɗancan makonni wata ɗalibar kiwon lafiya ta zo daga Tsafe da kundin bincikenta a filashi. Jadawalinta na hotunan sauro da tsutsarsa ya fito fayau, gidaje ba kowa, don duk adireshin na intanet ne.

"Baba, wallahi jiya-jiyan nan suna nan," ta ce, idonta ya kawo ruwa.

Na ce, "'Yata, ba su taɓa zama a nan ba, leƙo su kike yi daga nesa."

Allah ya taimaka ta taɓa sauke su a wayarta. Muka jawo su da igiya, muka zuba su jaka ɗaya da rubutun, muka sa musu gajerun sunaye marasa tazara, ta zauna kusa da ni tana karanto adireshi ina sauyawa, har aka kira la'asar.