Masu Binciken Itatuwan Ƙasar Hausa: Daga Katagum zuwa Kew

Gawo da sabara da kalgo da aduwa da ke gonakin Jibiya, har a tsallaka iyaka zuwa Maraɗi, sun shiga manyan littattafan ilimin tsirrai ne ta hannun likitoci da matafiya da suka riƙa tsinkar ganye da fure suna aikawa Turai.

Tun farkon ƙarni na 19 aka soma. Likita Walter Oudney ya ratso Sahara tare da Hugh Clapperton da Dixon Denham, yana tattara tsirrai a hanya, sai dai ajali ya riske shi kusa da Katagum a watan Janairun 1824. Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato, ya komo ta Katsina. Abin da suka tara ya isa hannun masani Robert Brown a Landan, wanda ya buga bayaninsa a 1826. A nan ne ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia, don tunawa da matafiyi Mungo Park, alhali matan ƙasar Hausa sun daɗe suna dafa kalwa suna yin daddawa.

Wanda ya fi kowa zurfafa aikin shi ne John McEwen Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya zo Arewacin Nijeriya a 1905. Ya yi aiki a wurare irin su Katagum da Sakkwato da Yola. Yakan yanko reshe mai fure ko 'ya'ya, ya shimfiɗa shi tsakanin takardu, ya danne har ya bushe, sa'an nan ya rubuta inda ya samo shi, da sunansa na Hausa, da amfanin da aka ce yana yi. Ƙunshin kan tafi lambun Kew a Ingila, inda masana irin su John Hutchinson ke gwada shi da waɗanda aka kawo daga wasu ƙasashe, su mayar da amsa ta wasiƙa. Ta haka itacen hano, wanda ake jiƙa sassaƙensa don magani, ya sami suna Boswellia dalzielii a 1910.

A 1916 Dalziel ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary, ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Kusan duk abin da ke cikinsa daga bakin manoma da makiyaya da maharba da masu maganin gargajiya ya fito, ko da yake ba sunayensu ne a bangon littafin ba. Aikin kuwa ba mai sauƙi ba ne, domin itace ɗaya kan amsa suna daban a Katsina da Sakkwato, suna ɗaya kuma kan hau itatuwa biyu. Daga baya shi da Hutchinson suka wallafa Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, Dalziel ya biyo da The Useful Plants of West Tropical Africa a 1937.

A tsallaken iyaka da Faransanci aka yi irin wannan aiki. A 1972 Adam da Echard da Lescot suka buga nazari kan tsirran maganin Hausawan Adar. A Ibadan, Z. O. Gbile ya fitar da jerin sunayen tsirrai na Hausa a 1980, H. M. Burkill kuma ya sabunta littafin Dalziel na 1937 ya mai da shi mujalladi 6, daga 1985 zuwa 2004.