Rupert East: Baturen da ya kafa maɗaba'ar Gaskiya

Dokta Rupert Moultrie East, wanda aka haifa a 1898 ya kuma rasu a 1975, jami'in ilimi ne ɗan ƙasar Ingila da ya yi aiki a arewacin Najeriya a zamanin mulkin mallaka.

Akasarin littattafan Hausar boko na farko ta hannunsa suka bi kafin su kai ga masu karatu.

Ya yi aiki a ƙasar Tibi, kuma shi ne ya fassara tarihin ƙabilar da Akiga Sai ya rubuta zuwa Turanci, aka buga a 1939. Amma a Zariya ya yi suna, inda ya shugabanci Hukumar Fassara, wadda daga baya ta koma Hukumar Talifi.

Gasar 1933

Matsalar da ya tarar ita ce, makarantun boko na yaye ɗalibai, amma babu abin karantawa sai littattafan aji da fassarori.

A 1933 ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai.

Abin bai zo da sauƙi ba. Kamar yadda ya bayyana a wata maƙala a 1936, malamai da yawa na ganin rubutu na ilimi ne da addini, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara.

Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Najeriya, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda East ya rubuta tare da John Tafida.

A cikinsu Abubakar Imam ya fi jan hankalinsa. A 1936 ya sa aka ba da aron sa daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, ya tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, daga nan aka samu Magana Jari Ce mai juzu'i uku.

Har yau masana na muhawara kan iyakar hannun East a wannan aiki. Sai dai Hausar da ke ciki da barkwancin, babu mai ja cewa na Imam ne.

A shekarun ne kuma haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna a littattafan hukumar, maimakon ɗigon da ake sa wa a ƙarƙashin harafi a da.

Jarida da maɗaba'a

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam na edita, East na kula da ita.

Gwamnati na da tata manufar: yaƙi na ƙaratowa, ana kuma ta raɗe-raɗin cewa za a miƙa Najeriya ga Jamus, don haka tana buƙatar hanyar isar da nata bayanin.

Amma shafin wasiƙu ya buɗe wa 'yan boko ƙofar kokawa kan al'amuran mulki, abin da bai yi wa wasu sarakuna da jami'an Turawa daɗi ba.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, East na shugabansa. A nan aka haɗa marubuta, da masu jera haruffa, da masu buga inji, da masu ɗinkin littafi a wuri guda. A 1948 kamfanin ya ƙaro jaridar Turanci ta Nigerian Citizen.

Masu sukarsa na cewa wannan aiki ya taimaka wajen ture ajami gefe, rubutun da malamai suka daɗe suna amfani da shi, kuma shi ke zaɓen abin da ya cancanci bugawa.

Ya bar Najeriya a farkon shekarun 1950. Hukumar NORLA ta ci gaba da aikin talifi har zuwa 1959, sannan a 1966 aka kafa kamfanin NNPC a Zariya, wanda ya gaji littattafan.

A wannan shekarar ce jaridar New Nigerian ta maye gurbin Nigerian Citizen a Kaduna, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta koma ƙarƙashin kamfaninta.