Amsoshin Wasiƙunku: Tarihin Jitar Lantarki da Yadda Ake Zaɓen Mai Matsakaicin Kuɗi

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomin albasa a yankin Tawa, Jamhuriyar Nijar. Ya ce ɗansa yana bin masu kiɗan jita a gidajen biki, ya matsa masa sai ya saya masa jitar lantarki. Ya sayar da albasar bana, amma yana tsoron kada kuɗin guminsa su tafi a banza. Shi ne yake tambaya, wa ya ƙirƙiro wannan abu, kuma shin mai tsada ce kaɗai ke da kyau?

To Malam, mun gode. Sai ka gyara zama, domin amsarka tana cikin tarihin abin.

A Amurka aka fara. A 1931 wani makaɗi mai suna George Beauchamp ya haɗa jita mai maganaɗisu, kamfaninsu shi da Adolph Rickenbacker ya soma sayar da ita a 1932. Dabarar da ake bi har yau ita ce, ana haɗa maganaɗisu da naɗin siririyar wayar tagulla, a sa kusa da tsirkiyoyin ƙarfe. In aka kaɗa tsirkiya, sai motsinta ya haifar da 'yar wuta kaɗan, ta bi waya zuwa amfilifaya, lasifika ta fito da amon. Ka ga ke nan ta bambanta da gurmi, inda ƙoƙo da fata ke ba da amo.

Wanda ya mai da ita kayan kowa da kowa shi ne Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, wanda shi kansa bai iya kiɗan jita ba. A 1950 ya fito da jita ta dunƙulallen katako marar rami, ya ɗaure wuyanta da sukuru huɗu, yadda in ya lalace sai a kwance a sa wani, kamar ana sauya ƙafar keke. Ita aka raɗa wa suna Telecaster a 1951. A 1954 kuma ya fito da Stratocaster mai maganaɗisu uku. Kamfanin Gibson shi ma ya fitar da tasa, Les Paul, a 1952, sai dai ita manne wuyanta ake yi da gam.

To ina labarin mai matsakaicin kuɗi? A 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13. Cikin shekarun 1970 makaɗa suka yi ta kukan cewa aikin ya ragu, alhali suna na nan, kuɗi na nan. A lokacin ne masana'antun Japan, masu fitar da irin su Tokai da Greco da Ibanez, suka shiga kwaikwayon jitocin Amurka, da kyau kuma da rahusa. Da Fender ya ga kasuwa na kufce masa, a 1982 sai ya soma ƙera nasa a Japan da sunan Squier. Haka Gibson yake sayar da masu sauƙin kuɗi da sunan Epiphone, kamfanin da ya saya tun 1957. Yamaha ma ya fito da Pacifica a 1990. A yau ana ƙera irin waɗannan da yawa a Indonesiya da Sin, Fender kuma yana da masana'anta a Meziko.

Darasin dai shi ne, wani kaso na kuɗin mai tsada, suna da ladan ma'aikatan ƙasar da aka yi ta kake biya. Amma fa ka guji ta can ƙasa, domin araha ba ta ado. Ka nemi ta tsakiya, ka duba ta kamar yadda kake duba san noma a kara.

Ka tafi da wanda ya iya kiɗa. Ku hangi wuyan daga kai zuwa gindi, kada ya kasance a murɗe. Ku shafa gefen wuyan, kada ƙarafan da ke gicciye su yanki hannu. A ɗaure tsirkiya, a yi kiɗa na ɗan lokaci, a ji ko ta saki. In ta saki, wataƙila kunnuwan ɗaurin ba su da kirki. A jona ta da amfilifaya, a murɗa kowane maɓalli, a saurara ko akwai ƙarar karce. In ka ga sunan babban kamfani a kan jitar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, yi hattara da jabu. Kada kuma ka ƙarar da kuɗin duka a kan jita: ware na amfilifaya, da waya, da tsirkiyar canji, ka kuma yi tunanin batir ko janareto in garinku ba wuta.

Daga ƙarshe, ka tuna wa yaron cewa Mdou Moctar, ɗan yankinku na Tawa da yake zagaya duniya da kiɗa, da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke. Kaya na taimakawa, amma hannu ne makaɗi.

Da fatan mun gamsar da kai. Allah ya sa albarka a abin da za a saya, ya ƙara wa albasa daraja. Jama'a, a ci gaba da aiko mana da wasiƙu.