Damina da Masaƙun Kakuri

A shekarar 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, kudu da Kogin Kaduna, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Cikin shekarun 1960 Arewa Textiles da United Nigerian Textiles suka biyo bayanta, unguwar ta cika da dubban ma'aikata masu karɓa-karɓa dare da rana. Mai kallon wannan hada-hada zai zaci injin ya raba mutum da dogaro ga ruwan sama. Tarihi kuwa ya nuna cewa kowane ƙyalle na akoko da ya fito daga Kakuri, damina ce ta fara saƙa shi a wata gona can arewa.

Kaduna tana da wadatar ruwa. Daminarta kan sauka a ƙarshen Afirilu ko farkon Mayu, ta kai Oktoba, ruwan shekara ya haura milimita 1,000. Wannan ne ya zaunar da Gwarawa a yankin suna noman dawa da doya tun kafin a mai da garin hedikwatar Arewa a 1917. Amma audugar da masaƙun ke ci daga ƙasar Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau take zuwa, inda damina ke gajarcewa gwargwadon nisan mutum zuwa arewa. A kewayen birnin Katsina ruwa kan kankama a Yuni, ya ɗauke a Satumba. Auduga kuwa tana son kimanin wata biyar daga shuka zuwa tsinka: ruwa a lokacin girma da fure, rana da iskar hunturu a lokacin da take fashewa.

A nan aka daɗe ana jayayya tsakanin malaman gona da manoma. Masu bincike a Samaru, inda aka kafa tashar nazarin noma a 1922, sun yi ta kira da a shuka auduga a tsakiyar Yuni domin ta sha damina sosai. Manomi ya san gaskiyarsu, sai dai a makonnin nan ne gero da dawa ke jiran noman firi, hannayen gida kuma ƙidayayyu ne. Wanda rumbunsa ya kusa ƙarewa ba ya barin hatsi ya kama auduga, don ba a tuƙa tuwo da ita. Sai a jinkirta shukarta zuwa Yuli, idan ruwa ya ɗauke da wuri amfani ya ragu. Abin da ya samu a kai shi kasuwar auduga da kaka, a gurje shi a Funtuwa ko Zariya ko Gusau, jirgin ƙasa ya sauke shi a Kaduna. Ta wannan hanya hukuncin da magidanci ya yanke a bakin gonarsa yake isa aljihun ma'aikacin Kakuri bayan wasu watanni.

Farin 1972 da 1973 ya fito da wannan dangantaka fili. Ruwa ya yi ƙaranci a faɗin Sahel, dabbobi suka mutu, hatsi ya yi tsada, manoma da yawa suka karkata ga abin da za su ci. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya fara janye matasa daga ƙauye zuwa birni. Fari ya sake dawowa a 1983 da 1984, sannan a 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, ciki har da ta auduga da ke Funtuwa. Manomi ya rasa tabbacin farashi da na ingantaccen iri.

Kuskure ne a ɗora wa fari laifin rufe masaƙun. Ƙarancin wutar lantarki, tsadar baƙin mai da kwararowar atamfar fasa-ƙwauri su ne suka durƙusar da Kaduna Textiles a 2002 da United Nigerian Textiles a 2007. Amma sun tarar da jiki ya riga ya yi rauni, domin igiyar da ta ɗaure gona da masaƙa ta jima da lalacewa.

Yau ma kogin yana cika da marka, a Agusta da Satumba, wani lokaci ya yi ambaliya kamar yadda ya yi a 2003. Da rani kuma ya janye, ya bar fadama ga masu noman masara da kayan lambu, ga tsofaffin gine-ginen masaƙu a tsaye daga nesa. Ana yawan maganar farfaɗo da Kakuri, ana lissafin injina da lantarki da bashin banki. Duk wanda ya ɗauki maganar da gaske, ya kamata lissafinsa ya fara daga watan Yuni a gonar Funtuwa, ya tambayi abin da zai sa magidanci ya iya shuka auduga a kan kari ba tare da iyalinsa sun kwana da yunwa ba.