Bashin Sari da Karar Wudil: Ina Kuɗin Ke Maƙalewa?

Duk ranar Juma'a karar Wudil kan cika da shanu da tumaki da awaki daga Jigawa, Yobe, Borno har da Nijar, kuma kafin dare manyan motoci sun kama hanyar Kudu da lodinsu. Jarin da ke juya wannan kasuwa galibi na 'yan'uwa ne, ko na adashi, ko na ubangida. Na banki kaɗan ne a ciki. Wannan maƙala na da'awar cewa ƙarancin kuɗi a sama ba shi ne babban cikas ba. Cikas ɗin yana tsakiya, wurin cibiyoyin da aka ɗora wa nauyin karɓo kuɗin su raba.

Tsarin da ake kira bashin sari ba baƙo ba ne ga ɗan kasuwa: babbar cibiya ba ta mu'amala da mai shago kai tsaye, sai ta bai wa ƙananan bankuna kuɗi dunƙule, su kuma su raba ɗai-ɗai, asarar wanda bai biya ba tana wuyansu. Da wannan tsari Babban Bankin Najeriya, a zamanin Sanusi Lamido Sanusi, ya ƙaddamar da asusun naira biliyan 220 na ƙananan sana'o'i a 2013, aka ware wa mata kashi 60 cikin ɗari, daga baya aka ƙayyade kuɗin ruwa kada ya wuce kashi 9. A 2017 Bankin Raya Najeriya, DBN, ya sami lasisi da alƙawarin kimanin dala biliyan 1.3 daga Bankin Duniya, Bankin Raya Afirka, Bankin Zuba Jari na Turai, KfW na Jamus da AFD na Faransa, yana ba da bashi mai wa'adi har shekara 10.

Hikimar tsarin a bayyane take, domin ma'aikaci a Abuja bai san wane mai kiwon turke ne mai amana a Utai ko Lajawa ba. To amma mai sari, wato babbar cibiyar, yana zaɓar abokin hulɗa, kuma sharuɗɗansa su ne ƙarfin jari, lissafin da aka tantance, da ƙarancin bashin da ya maƙale. Waɗanda ke cika su cikin sauƙi su ne manyan bankuna da bankunan ƙananan lamuni masu lasisin ƙasa baki ɗaya, waɗanda yawancinsu a Kudu suke da tushe. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa ƙananan bankuna 37 a ƙananan hukumomin Kano don cike wannan giɓi, sai dai banki mai ofishi ɗaya da ɗan jari ba ya iya ɗaukar bashin sari mai kauri. Dokar Babban Banki ta 2019 ta ɗaga jarin irin waɗannan bankuna zuwa naira miliyan 50 ko miliyan 200, na jiha zuwa biliyan 1, kuma a Mayun 2023 aka soke lasisin guda 179 a faɗin ƙasa. Binciken ƙungiyar EFInA na shekarar ya nuna kashi 47 cikin ɗari na manya a Arewa maso Yamma ba sa cikin kowane tsarin kuɗi, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 26 ne.

Sai batun da ba a cika son faɗa ba a tarukan masana: riba. Ga mai sana'a da yawa a Wudil, kashi 9 da kashi 30 hukuncinsu ɗaya ne, don haka sauƙaƙa ruwan bai warware komai ba. Bankin Jaiz marar ruwa ya fara aiki a 2012, takwaransa TAJBank a 2019, kuma a 2020 Babban Bankin ya fitar da ƙa'idojin tallafi marar ruwa. Wannan ci gaba ne, amma ya zo a makare, kuma tun hawan Olayemi Cardoso a 2023 bankin ya janye hannu daga irin waɗannan tallafe-tallafe.

Ko an kauce wa riba, akwai matsalar lokaci. Wanda ya sayi raguna don ya turke su zuwa Babbar Sallah zai yi watanni yana kashe kuɗi a kan dusa da harawa da kowa, ba ya ganin ko sisi sai ranar sayarwa. Bashin da ake biya mako-mako, wanda aka tsara don mai shagon da ke ciniki kullum, zai tilasta masa sayar da dabba kafin ta yi ƙiba. Haka manomin rani a bakin kogin Wudil. Mai sari ya ba da wa'adin shekaru, amma kafin kuɗin ya iso ƙasa an gutsura shi zuwa 'yan watanni, saboda ƙaramin banki na tsoron asara.

Abin takaici shi ne fataucin shanu ya daɗe da nasa maganin. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda maigida ke tsaya wa mahaucin da ya ɗauki shanu bashi, ya biya bafatake in mahaucin ya gaza. Lamuni ke nan da aka gina a kan sanin mutum, aikin da DBN ya kafa wa kamfani na musamman, Impact Credit Guarantee, a 2019. Har yau dillalai da sarkin kara sun fi kowace takardar banki sanin wanda ke biya.

Za a ce wannan sani ba ya rubutuwa, kuma dillali na iya fifita nasa. Gaskiya ne, shi ya sa bai kamata a miƙa masa kuɗin ba. Shaidarsa ake bukata, tare da lamunin ƙungiya. Abin da ya dace shi ne mai sari ya buɗe taga marar ruwa ta dindindin bisa hanyoyin cinikin Musulunci na murabaha da salam da mudaraba, ya amince ƙananan bankunan Kano su haɗu su karɓi bashi a matsayin gungu ɗaya, sannan ya shardanta biya bayan sayarwa ga masu kiwo da noma. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote tana cikin garin Wudil. Malamanta na tattalin arzikin noma za su iya tattara bayanan biya da rashin biya daga kara da kasuwar Darki, irin bayanan da mai sari ke nema kafin ya saki kuɗinsa.